Murya ta dashe wata biyu, zuma da citta sun kasa: amsar likitan maƙogwaro

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar makaranta ce a Rigasa, shekarata 36. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma a Islamiyya. Tun shigowar hunturu muryata ta dashe, yau kusan wata biyu. Da safe da ɗan dama-dama, amma kafin magariba sai ta ɗauke, wani lokaci in na buɗe baki iska kawai ke fita. Na sha zuma da citta da kanumfari, na sha maganin kemis kala biyu, ba canji. Surukata ta ce beli ne, a kira wanzami. Mahaifina ma tasa ta dashe tun Babbar Sallah, amma shi ba ya jin ciwon komai, ya ce tsufa ne. Me zan sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya ba Baba lafiya.

Kin tambayi abin da za ki sha, ni kuwa abin da zan fara cewa shi ne a leƙa a gani tukuna. Dashewar murya alama ce, kuma abubuwan da ke kawo ta sun faro daga murar kwana biyar har zuwa ciwon daji. A kunne kusan duk sautinsu ɗaya. Kunne da hanci da maƙogwaro su ne aikina, amma ko ni in na ji muryar mutum hasashe kawai nake yi, sai na sa na'ura na ga wurin da idona sannan in ce ga abin da ke akwai. Gani ya kori ji. Ƙa'idar da muke bi ita ce, muryar da ta dashe ta kai mako 3 zuwa 4 ba ta dawo ba, a duba maƙoshi. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka a da tana ɗaga ƙafa har wata 3, amma a 2018 ta rage zuwa mako 4, don kada jira ya sa a makara wajen gano masu babbar cuta. Ke kin wuce wannan wa'adi. Baba ya wuce shi nesa ba kusa ba, kuma maganarsa da kika sako a ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai. Zan zo kanta.

Ki taɓa gaban wuyanki, daidai inda zakaran wuya ke fitowa a maza. A bayan wannan guringuntsi akwai wasu 'yan tsokoki biyu a kwance gefe da gefe, a bakin hanyar da iska ke bi zuwa huhu. Ƙanana ne ƙwarai, na mace ba su cika kai santimita 2 ba, na namiji sun ɗan ɗara haka. In kina numfashi sai su buɗe, in za ki yi magana sai su haɗe, iskar huhu ta riƙa kaɗa su. Wannan kaɗawar ita ce murya, harshe da leɓe kuma su mayar da ita kalmomi. A mace suna haɗuwa su rabu wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya, a namiji wajen 100 zuwa 120, a ƙaramin yaro kusan 300. Ki yi lissafi: in aka tara sautin da kike fitarwa a yini ya kai awa ɗaya da rabi, gefunan nan biyu sun bugi juna fiye da sau miliyan 1. Kina ɗaga murya kuwa ƙarfin bugun yana ƙaruwa. Murya tana fita garau ne muddin gefunan suna nan sumul, da danshinsu, suna haɗuwa ruf. Kumburi, ko tsiro, ko bushewa, ko ɗayansu ya daina motsi, kowanne zai bar kafar da iska ke zurarewa. Ita ce iskar nan da kike ji tana fita ba sauti.

Daga nan za ki gane dalilin da zuma ta kasa. Duk abin da kika haɗiya, akwai wani murfi da ke rufe hanyar iska ya tura shi ta baya, hanyar abinci. Zuma ba ta isa wurin tsokokin murya ko kaɗan, da za ta isa da ƙwarewa za ki yi ki yi ta tari. Tana sanyaya bayan baki, tana rage tarin mura, ban hana ki sha ba. Citta da kanumfari da masoro kuwa in suka yi yawa su kan tayar wa wasu ƙwannafi, shi kuma yana cikin masu ɓata murya. Alewar nan mai sanyin mentol ma haka, tana ba ki sanyi a baki ki ɗauka kin samu sauƙi, ki koma ki ci gaba da magana a kan muryar da ta jigata.

Yadda kika siffanta taki, da safe da dama-dama, da yamma ta ɗauke, ga koyarwa safe da yamma, abin da na fi zato shi ne kanta. Irin wadda fartanya ke bari a tafin hannun manomi, ita ce ke fitowa a gefen tsokokin murya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna kallon juna, daidai wurin da bugun ya fi ƙarfi. Da farko taushi gare su, in aka ci gaba da wahalar da su sai su taurare. Sun fi samun mata da yara masu yawan ihu, kuma ba sa rikiɗewa su zama ciwon daji, wannan ki kwantar da hankalinki. Malaman makaranta su ne kan gaba a cikin masu zuwa mana da su, sai ladanai, da masu wa'azi, da mawaƙa, da 'yan kamasho irin na tashar Kawo, da masu tallan baki a Kasuwar Barci. Wani bincike da aka buga a 2004, wanda aka yi a jihohin Yuta da Ayowa na Amurka, ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na malamai sun taɓa samun matsalar murya a rayuwarsu, alhali a waɗanda ba malamai ba kusan kashi 29 ne. Can ke nan, inda aji ba ya cika maƙil irin namu.

Akwai wani abu game da masu haɗa boko da Islamiyya da ba a cika lura da shi ba. Boko tana hutu Asabar da Lahadi, ranakun da Islamiyya ta fi zafi. Islamiyya tana hutu Alhamis da Juma'a, ranakun da yawancin makarantun boko ke aiki. Ke nan muryarki ba ta da yini ɗaya cur na hutu a mako. Ga salon karatun namu, malama ta ja aya da ƙarfi, yara su amsa gaba ɗaya, ta sake ja sama da muryarsu, haka har a tashi. Ga taga a buɗe, babura na wucewa, injin niƙa ko janareta na ruri a maƙota. Ɗan Adam in yana cikin hayaniya yana ɗaga murya ba tare da ya sani ba. Sai kuma hunturu ya zo ya ɗora nasa: danshin iska a nan Kaduna kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, hanci ya toshe da ƙura, mutum ya koma numfashi ta baki, busasshiyar iska ta riƙa sauka kai tsaye a kan tsokokin. Ga ƙurar alli. Ba mamaki da ta soma miki da shigowar sanyi.

Maganar beli, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, amma kada ki yarda. Beli yana reto ne a bayan baki, kina iya ganinsa a madubi. Tsokokin murya suna can ƙasa cikin wuya, babu abin da ya haɗa su. Na san dalilin da ya sa iyayenmu suka yi imani da abin: wanda mura ta dasar wa murya, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, cikin kwana 7 zuwa 10 za ta dawo, kuma zafin yankan yana tilasta masa yin shiru na kwanaki. Sai murya ta dawo, wanzami ya sha yabo. Abin da ba a ba da labarinsa a gidan suna shi ne waɗanda ake kawo mana jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya ruɓe ya kumbura har haɗiyar yawu ta gagara, ko waɗanda suka kwashi ciwon hanta ko tetanos daga ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi.

Maganin kemis kala biyu da kika sha, ko ba ki faɗa ba ina iya cankar su: ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya kuma deksa, wato maganin sauke kumburi, ko ɗan'uwansa. Na farkon ba shi da aiki a nan. Dashewar da mura ke kawowa yawanci bairos ne, wanda maganin ba ya taɓawa, kanta kuwa ba ƙwayar cuta ce ta kawo ta ba balle a kashe. Deksa shi ya fi ba ni haushi, domin yana aiki na ɗan lokaci. Yana sauke kumburi cikin kwana ɗaya ko biyu, mutum ya ji murya ta buɗe ya koma bakin ihunsa, ciwon na ƙasa yana ƙaruwa. Masu tafsiri da mawaƙan biki da yawa sun mayar da shi abokin tafiya, ga shi yana tayar da suga da hawan jini, yana tsananta gyambon ciki. Mu ma muna ba da shi, amma bayan mun gani, kuma na 'yan kwanaki ƙidayayyu. Magungunan mura masu sa barci su ma suna busar da maƙoshi, ki rage su.

Dubawar ba abin tsoro ba ce. Za ki zauna a kujera, a fesa miki wani magani mai ɗan ɗaci a hanci don wurin ya mutu. Sai a zura wani siririn bututu mai laushi, wanda bai kai kaurin biro ba, da fitila da kyamara a bakinsa, ya bi ta hanci ya leƙa ƙasa. Za a ce ki ce "iiii", ki ja numfashi, ki ƙirga ɗaya zuwa goma. Ido kan ɗan kawo ƙwalla, wasu su yi atishawa, shi ke nan. Ba allurar barci, ba kwanciya, 'yan mintuna ne ki ɗaura niƙabinki ki tafi, kuma inda akwai allo har a nuna miki tsokokin naki suna buɗewa suna rufewa. Wani wurin ta baki ake bi, a riƙe harshe da ƙyalle a sa ɗan madubi ko sandar kyamara. Wanda ya yi suna da fara ganin tsokokin muryarsa suna aiki ma ba likita ba ne, malami ne irinki, mai koyar da waƙa ɗan Sifaniya, Manuel Garcia, a 1854, da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. Mu a Kaduna ba mu da uzurin nisa. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, a garin nan take, kuma ko da yake kunne ne a sunanta, hanci da maƙogwaro duk aikinta ne. Akwai sashen a asibitin koyarwa na Barau Dikko, akwai kuma a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.

In an duba aka ga kanta ce, maganinta na farko gyaran yadda kike amfani da murya ne. Yawanci tana bajewa cikin makonni zuwa 'yan watanni, tiyata sai in ta taurare ta ƙi, kuma ko an yi tiyatar, in aka koma gidan jiya za ta dawo. Wasu abubuwan tun yau za ki iya farawa. Ki sayi 'yar lasifikar nan da ake ratayawa a ƙugu mai makirufo a kunne, a ganina babu malamin da ya kamata ya shiga aji mai yara da yawa ba tare da ita ba. A Islamiyya ki biya ayar sau ɗaya ko biyu daidai, sannan ki sa ɗaliba mai kyan karatu ta ja bitar, ke ki saurara kina gyara. "Ku yi shiru!" da ake ƙwalawa sau ba adadi ta fi karatun kansa cin murya, ki maye gurbinta da tafi ko ƙwanƙwasa tebur. Lokacin tara ki yi shiru na minti goma maimakon hira a ofishin malamai, kuma a 'yan makonnin nan ki nemi a ɗauke miki yini ɗaya a mako. In kin dawo gida kada ki ƙwala wa yara kira daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ki aika ko ki taka.

Kada ki koma raɗa da nufin tattali, raɗa da ƙarfi tana ɗaure tsokokin wuya fiye da magana. Ki yi magana a hankali da muryarki ta ainihi, kamar mai magana da wanda ke zaune kusa da ita. Yawan gyaran murya da kaki shi ma buga tsokokin ne da juna, in kin ji abu ya tsaya miki ki kurɓi ruwa ki haɗiye. Ruwa kuwa ki sha kamar lita 2 a yini, leda huɗu ke nan na fiya wata, kaɗan-kaɗan, domin ta cikin jini yake isa wurin ya tsinka majinar da ke shafe tsokokin. Abin da ke isa kai tsaye shi ne tururi. Sirace da ruwan zafi zalla, ba tare da an zuba man zafi ko ganye ba, minti goma safe da dare, a kula da yara kada su kifar. Ki sa takunkumi in za ki hau babur cikin hazo, ki rage zama cikin hayaƙin itace da turaren wuta a rufaffen ɗaki. Akwai kuma wani motsa murya mai sauƙi da masu gyaran magana ke koyarwa: ki sa bututun shan lemo a cikin ruwa rabin kofi, ki riƙa busawa kina fitar da sautin "uuu" a hankali, ruwan na ɓulɓula, minti biyu zuwa uku kafin shiga aji da bayan tashi.

Ƙwannafi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ruwan ciki mai tsami yana iya hawowa har maƙoshi cikin dare ba tare da mutum ya ji zafin ƙirji ba. Alamarsa murya ta fi muni da asuba, ga ɗaci a baki, ga jin kamar wani abu ya maƙale a wuya. Taki akasin haka ce, shi ya sa ban sa shi a gaba ba. Amma da azumi muna ganinsa sosai: a cika ciki da sahur, a yi sallah a koma a kwanta, ga yinin ƙishirwa, ga tarawihi da tahajjud, ga tafsiri. Kafin goman ƙarshe limamai da alarammomi da yawa murya ta tafi. A bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci mai nauyi da kwanciya, a rage yaji da maiƙo da goro da shayi mai kauri da dare, a ɗaga wajen kai na gado.

Yanzu Baba. Tsufa yana canza murya, gaskiya ne, tsokokin kan sirance murya ta yi rauni, amma a hankali cikin shekaru. Muryar da za a iya cewa ga watan da ta dashe, ta kuma ƙi dawowa, a dattijo, ba a jingina ta ga tsufa sai an duba. Rashin jin ciwon da yake kafa hujja da shi bai wanke komai ba, domin ciwon dajin da ke fitowa a kan tsokokin murya da farko ba ya zafi, dashewar ce kaɗai alamarsa, wani lokaci na tsawon watanni. Ban ce shi ne ba. Amma in Baba ya taɓa shan taba, ko da ya bari shekaru da yawa, zargin ya ƙaru. Taba ita ce babbar sila, giya na ƙara mata ƙarfi, shishar da samari suka runguma ita ma hayaƙin taba ce. Abin da ya sa nake matsawa shi ne wannan ciwo yana cikin masu warkewa in an kama shi da wuri, kusan mutum 9 cikin 10, ta hanyar gashi da hasken na'ura ko ƙaramar tiyata, kuma mutum ya tsira da muryarsa. Yawancin namu kuwa ba a lokacin suke zuwa ba. Sai cikin dare a shigo da dattijo a rirriƙe, yana jan numfashi da ƙara ana ji daga bakin ƙofa, ramin wuyansa na lotsawa, gumi ya jiƙa riga. A nan babu zaɓi sai a huda gaban wuya a sa bututu don ya samu iska. In ka tambayi 'ya'yansa tun yaushe murya ta dashe, sai su dubi juna su ce ai ta kwana biyu, an ɗauka sanyi ne, wasu su ce an ɗauka sammu ne.

Akwai wasu dalilan da za a nema a wurinsa. Jijiyar da ke motsa tsokar murya ta hagu tana gangarawa har cikin ƙirji ta zagayo kafin ta dawo wuya, don haka ƙari a huhu ko a ƙirji yana iya danne ta, murya ta dashe alhali maƙoshi lafiya lau. Maƙoƙo, ko tiyatar cire shi, na iya taɓa wannan jijiya. Tarin fuka yana kama maƙoshi, musamman in akwai tarin da ya wuce mako 2, da rama, da gumin dare, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Shanyewar ɓarin jiki da ciwon karkarwa na tsofaffi suna raunana murya. Masu shaƙa maganin asma na kullum su ma ta kan dashe musu in ba sa kurkure baki bayan sun shaƙa.

Tunda kina cikin yara, ki sa kunne a kansu ma. Yaron da muryarsa ta daɗe a dashe, sannan numfashinsa ya fara ƙara, sau da yawa ana ta ba shi maganin asma alhali wasu tsiro ne da wata ƙwayar bairos mai suna HPV ke haifarwa suke cika masa maƙoshi. Ki ce wa iyayen su kawo shi. Kuma ga kowa, babba ko yaro, akwai alamun da ba a jira mako huɗu a kansu: wahalar numfashi ko numfashi mai ƙara, jini a kaki, wahalar haɗiya ko yawan ƙwarewa, ƙullutu a wuya, ciwon kunne ɗaya da ya ƙi tafiya, rama ba dalili, ko dashewar da ta biyo bayan bugu a wuya ko tiyata.

In kuɗi ko lokaci ba za su isa ku biyu a tare ba, a fara kai Baba, cikin makon nan. Dattawa ba sa son a ce musu ana zargin wani abu, don haka ki ce masa ke za a duba ya raka ki, in ya so a duba shi shi ma. Ku taho da kwalayen duk magungunan da kuke sha, har na gargajiya, a kuma gaya wa likita gaskiyar maganar taba ko da ta zamanin samartaka ce. In aka ga wani tsiro aka ce za a ɗan gutsiri naman a kai gwaji, ku amince, gutsirar ba ta yaɗa ciwo, kuma sai da sakamakonta ake sanin irin maganin da za a fara.